A Kan Keke Zuwa Kukar Inna

Mun tashi ana sallame sallar asuba, ni da ƙanena, kowa da kekensa. Gari bai gama wayewa ba, sai ƙarar guga a bakin rijiya da tarin tsofaffi masu fitowa daga masallaci. Na ɗaura zani a kan wando, na tattare ƙasan hijabina na soke a ƙugu don kada cen ɗin keke ya cinye shi, na yi bismillah na taka feda.

Tun da na sa hoton kekena a bakin ruwan Tiga kuke damuna a waya, wai in faɗa muku hanyar da na bi, ku ma za ku je shan iska. To ga ta nan zan faɗa. Amma ku sani ni ba shan iska ya fitar da ni ba. Inna ce, mahaifiyarmu. Tun sanyin da ya wuce ɓarin jikinta ya shanye, tun daga nan kuma ta yi sallama da abinci. Koko ne kawai, shi ma sai an yi ta lallashi kamar ana ba jinjiri magani. Matar da ke ɗaukar damin dawa ita kaɗai ta koma ina ɗaga ta da hannu ɗaya in gyara mata shimfiɗa. Rannan ina shafa mata man zafi sai ta ce, ba ma ni take kallo ba, "Da zan sami miyar Mai Kogo, da na ci tuwo."

Mai Kogo kuka ce. A gonar mahaifinta take, a tsohon garinmu da ruwan Tiga ya cinye ina goye a bayanta. Gidaje da rijiya da maƙabarta duk suna ƙarƙashin ruwa, amma kukar a kan tudu take, masu zuwa su ta wajen sun sha cewa tana nan. Ɗan birni zai ce ai kuka kuka ce, a sayo a kasuwa. Mun sayo, mun kaɗa, ta sansana ta kawar da kai. Akwai kuka mai ɗaci, akwai mai garas-garas kamar ƙasa, akwai mai zaƙi da yauƙi wadda duk gari ya san gindinta ya sa mata suna. Kuma yanzu ne lokacinta, bazara, tana sabon toho, ruwan dam ya ja baya ana iya isa wurin.

Me ya sa keke? Don ba mota mai zuwa can. Ɗan achaɓa kuwa sai ka faɗa masa sunan gari, ni kuma in ce masa me? Kai ni gindin kukar kakana? Ga tsadar mai, ko gaisawa ka yi da ɗan achaɓa yanzu sai ka ji aljihunka ya yi sauƙi. Ni da keke mun daɗe. Shekarar da maigidana ya rasu na shiga makarantar yaƙi da jahilci da furfura a kaina, a shekarar kuma na koyi hawan kekensa a bayan gari, ina faɗuwa yara na ihu. Duk wanda ya ce mace ba ta hawa keke, ya zo ya kai mini tumatir kasuwa, in ya kai sau uku bai gaji ba sai in sauka.

Kwatancen hanya Inna ta yi mini, ta maimaita har na haddace kamar karatun allo. In kin bar Tiga ki sa ruwa a hannun hagu, ki yi ta tafiya kudu har ki sami burtali. Ki bi burtalin har tsamiya uku. Daga nan ki yi gabas, za ki ratsa ɗorayi, sai jerin kaɗanya, sai wani rimi da ba ya ɓoyuwa, sai dutse mai kama da saniya a kwance. Mai Kogo tana bayan dutsen, bakin kogonta na kallon gabas. Haka mutanenmu ke kwatance. Ba su san wani allon kan hanya ba, itace ne alamarsu, don a saninsu mutum ke mutuwa, itace yana nan.

Daga sabon garinmu zuwa Bagauda ba nisa, kuma da sanyin safiya hanyar na da daɗi. Ruwan Bagauda ya kwanta shiru, masunta biyu a kwalekwale suna jan koma ba kuzari. Tsohon otal ɗin nan da muke jin labarin manya na zuwa hutawa yana nan daga nesa, ni dai ban taɓa shiga ba, ba kuma ranar zan fara ba. Ɗan guntun babban titin da muka hau kafin mu karya zuwa Tiga shi ne wurin da za ku riƙe ranku da hannu biyu. Tirela ba ta san keke ba. In ta wuce ka, iskarta kaɗai ta isa ta ajiye ka a kwalbati. Ƙanena yana gaba yana ta waiwayena yana cewa, "Yaya, ki sauka ƙasa-ƙasa!" Na ce ya kalli gabansa, ni na yi masa tsarki yana yaro, ba shi zai koya mini tsoro ba.

A Tiga muka karya. Mata na suyar kifi a bakin hanya, ƙamshi na jan mutum ta hanci. Na taya wata ƙaramar karfasa da ba ta fi tafin hannuna ba, da na ji kuɗin sai na tambayi mai suyar ko har Makka za a kai ni. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Uwata, mu ma saye muke. Ruwan ba kifi. Mazan sai su kwana su dawo da abin da bai cika kwano ba." Muka sha koko da ƙosai muka yi hamdala. Da aka tashe mu daga garinmu aka ce za mu ci kifi har mu ƙoshi, ga shi ɗiyar garin tana kallon kifi kamar gwal a shago.

A nan muka haɗu da 'yan keken birni, su wajen shida. Wanduna sun ɗame su kamar an zuba su a ciki, kowa da ƙoƙon roba a ka, tayoyin kekunansu sirara kamar tsinken tsire. Yara ne masu ladabi, ban ƙi su ba. Suka kewaye kekena suna ɗaukar hoto, ɗaya ya ɗaga shi ya ajiye da sauri ya ce, "Mama, wannan ai ƙarfen gini ne!" Na ce, "Shi ya aurar da 'ya'ya huɗu. Naka me ya taɓa ɗauka ban da kai?" Suka yi ta dariya. Suka tambaye ni ko akwai hanyar da ke bin bakin ruwa har Tudun Wada, na ce in na dawo da rai zan faɗa. Su suka koma kan kwalta, mu muka sauka jar ƙasa.

Daga nan hanya ta zama ta keke da jaki. Wani wurin ƙasa ce mai tauri, keke na gudu kamar an tura shi, wani wurin rairayi ne sai ka sauka ka tura. Ruwan yana hagu, wani lokaci kusa har kana jin ƙarnin laka, wani lokaci ya ɓace bayan gonaki. Inda ya ja baya mutane sun bi shi da shuka, albasa da tattasai da masara. Daga nesa kore shar, sai ka ce Aljanna. Matso kusa ka gani. Injinan ban ruwa a ajiye an rufe su da buhu, ba man da za a zuba musu. Wani dattijo na gani yana ɗibar ruwa da bokiti yana bin kunya-kunya, ƙafarsa duk faso, ga injinsa a gefe yana kallonsa. Gonar tumatir ɗaya muka wuce tsutsa ta mai da ita kamar an babbake, mai ita yana zaune a bakinta ya zuba tagumi. Muka yi masa sannu, ya ɗaga hannu kawai. Ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi yawa a hanyar nan masu gawayi ne. Keke bayan keke, kowanne da buhu uku ko huɗu an ɗaure sun fi mai keken tsawo, suna tafe suna layi kamar masu maye. Mukan kauce mu ba su hanya, mu yi musu sannu da ƙoƙari. Wallahi har tausayinsu nake ji, ban san abin da suke ɗauke da shi ba sai daga baya.

Rana ta take. Ba inuwa. Wannan ku riƙe shi, ku masu son zuwa: daga inda kuka bar Tiga, in ba rumfar mai shayi ko zauren wani ba, ba inda za ku fake. Ƙaya ta huda tayar ƙanena ta baya, a tsakiyar rana muka zauna ya yi faci, gumi na ɗiga a kan tif ɗin har gam ya ƙi kamawa. A ƙauyen gaba mai faci ya sake masa, kuɗin da ya karɓa a da sabon tif yake saye. Ƙanena ya buɗe baki zai yi ciniki, mutumin ya nuna masa gwangwanin gam ya ce ya je ya tambayo kuɗinsa. Muka biya.

Wajen azahar muka sami wata Bafulatana mai nono a gindin katangar wata makaranta, ita ma inuwar bango take bi. Ta dama mana fura, nonon ya sha ruwa amma da sanyinsa. Na tambaye ta burtali. Ta dube ni ta ce, "Burtali? Inna wuro, kin makara. Ga shi can an shuka masa masara." Ta nuna da ludayi. Ta ce yanzu shanunsu kan titi suke bi, in sun taka gona a ci su tara, in sun bi titi mota ta buge. Na ce to tsamiya uku fa? Ta ce ita dai tun da aka kawo ta nan ba ta ga tsamiya ba, amma akwai wurin da ake ce wa haka, mu bi gefen masarar za mu gani.

Muka bi. Wurin sunansa Tsamiya Uku har gobe, akwai ma mai sayar da fetur a kwalba da teburinsa. Tsamiya kam babu ko ɗaya. Kututture biyu na gani, baƙi ƙirin, an ƙone su har ƙasa, na ukun ko alamarsa. Na tsaya riƙe da keke ina kallonsu. A nan ne na gane abin da ke cikin buhunan da muke ta ba wa hanya tun safe. Kwatancen Inna ne ake wucewa da shi Kano a bayan keke, buhu-buhu, mu kuma muna yi musu sannu.

Ban zagi kowa ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi. Wanda ya sare yana da 'ya'ya, ni ma da gawayin nake girki tun da kalanzir ya fi ƙarfina. Wa zan zaga?

Muka yi gabas da ƙiyasi. Ɗorayi babu. Jerin kaɗanya babu, sai fili fetal da ramukan da aka binne itace aka ƙona, ƙasar wurin ta yi baƙi. Rimin da aka ce ba ya ɓoyuwa ya ɓoyu. Wani tsoho da muka tarar yana gyaran koma ya ce an yanka shi an yi kwalekwale da katako tun yana da sauran haƙori. Abin da ya rage a tsaye a duk faɗin wurin kukoki ne kawai, don itacen kuka ba ya gawayi, ba ya katako, ruɓus yake kamar soso. Rashin amfaninta ga mai gatari shi ya cece ta. Sai dai kuma ga su nan birjik, nan ɗaya can ɗaya, duk an yi musu aski an bar su da dungulmin rassa. Wacce ce tamu? Muka je gindin wannan, ba kogo. Muka tura keke cikin kunyoyi zuwa waccan, kogonta na kallon yamma. Ƙanena gwiwarsa ta fara ciwo, dama tana damunsa tun yana shiga ruwa da sanyi. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, mu tsinki ko wacce mana. Ina Inna za ta sani?"

Na ce, "Matar da ta gane kukar kasuwa da hanci daga kwance? Tashi, kada in saɓa maka."

Dutsen ne ya cece mu, shi ma da ƙyar. Ƙarar guduma muka ji, muka bi, muka tarar da masu fasa dutse sun cinye rabin saniyar, daga wuya zuwa kai babu, sai gindi da tozo. Amma na gane ta. Muka zagaya bayanta, sai ga Mai Kogo.

Ban taɓa ganinta da wayona ba, amma ko a cikin dubu zan nuna ta. Bakin kogon na kallon gabas, zai ɗauki mutum uku a zaune. A jikinta ga jerin ƙulu-ƙulu sun hau sama kamar tsani, wurin turakun da kakana ke bugawa yana hawa, ɓawo ya haɗiye su ya rufe. Na sa hannu a kan na ƙasa. Na daɗe ban cire ba.

Gonar albasa ce yanzu a kewaye da ita. Mai gonar ya taso, magidanci ne da fartanya a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannunku. Lafiya, Hajiya, keke har cikin albasa?"

"Ban je ba tukuna, kira ni Yaya ya isa. Ganyen kukar nan na zo ɗiba."

"Ai kuwa an sayar. Tun bai fito ba wani dillali ya biya."

"Wa ya sayar?"

"Ni, mai gona."

"Kai ka shuka ta?"

"Ni na sayi gonar."

"To gona ka saya. Ka ga waɗannan ƙulu-ƙulun? Kakana ya buga su, ubanka bai san za a haife shi ba."

Ƙanena ya ja mini hijabi yana cewa, "Yaya, a hankali, a gonar mutane muke." Mutumin ya ɓata rai, na ga ya gyara riƙon fartanya. Sai na ji ƙarfina ya ƙare gaba ɗaya, faɗan ma ba na iyawa. Na ce masa uwata ce a kwance ta ƙi abinci, ta ce sai wannan. Ya ce, "Ta wane gari ce?" Na nuna masa ruwa. Ya kalli ruwan, ya ce nasu garin ma yana ciki, can gaba kaɗan, mahaifinsa har ya rasu in zai yi kwatance da garin yake yi. Ya ajiye fartanya ya tafi, ya dawo da doguwar gora da lauje a ɗaure a kanta. Ya ce, "Ki ɗiba, Yaya. Dillalin ba ƙirga ganye yake ba."

Ba wani ganyen kirki a jikinta. Makiyaya sun sassabe na ƙasa sun ba shanu, don ba ciyawa ko ta magani. Sai can ƙololuwa, ɗan sabon toho mai laushi. Shi da ƙanena suka yi ta miƙa gora suna saro 'yan rassa, ni ina tsinka. Na farkon da ya faɗo na sa ɗaya a baki na tauna. Ba ɗaci ko kaɗan, sai wani yauƙi mai daɗi da ya naɗe harshe. Inna ba ruɗin ciwo take ba. Sauran na hannuna na ƙulle a gefen mayafin da na yafa a wuya, yadda muke ƙulle goro, ban ma san na yi ba. Abin da muka tara duka bai fi cikin ƙwarya ɗaya ba. Na zuba a tsohon zanin da na taho da shi don haka, na ɗaure sako-sako yadda zai sha iska.

Kafin mu tafi muka gangara bakin ruwa. Ƙanena a sabon gari aka haife shi, ya ce, "Yaya, ta ina gidanmu yake?" Na miƙa hannu, sai na rasa inda zan tsayar da shi. Ruwa ne kawai, fari fat har inda ido ya ƙare, da wani busasshen kututture can tsakiya da tsuntsu a kai. Kakanninmu duk suna ciki. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a muna fuskantar ruwa, ba mu san ko gabansu muke ko bayansu ba. Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ba barinsa muka yi ba, a bayan tifa aka kwashe mu, amma shi gidan bai san bambanci ba.

Mun kama hanyar Tudun Wada bayan la'asar, sai hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Doguwa, baƙi kamar gindin tukunya. Ruwan farko na bana. Manoma na ta murna suna kabbara, ni kuwa ganye kawai nake tunani, kada ya jiƙe ya lalace. Muka fake a wani ɗan shago, na roƙi mai shi baƙar leda, na cusa ƙullin zanin a ciki na ƙulle tam. Ban yarda ba na ƙara wata ledar a kai na sake ƙullewa, na ɗaure a kariyar bayan keke da roba. Har ina yaba wa kaina dabara.

Ruwan bai daɗe ba, amma ya mai da hanyar taɓo. Laka ta cika tsakanin taya da murfinta har keke ya ƙi juyawa, sai mun tsaya mun ƙwaƙule da tsinke. Da turi muka shiga Tudun Wada ana kiran magariba. Gidan surukan ƙanena muka sauka, mutanen kirki, suka yi ta faɗa don me ba mu aiko ba. Aka kawo tuwon masara, ban san na ci ko ban ci ba. Cinyoyina kamar ba nawa ba. Keken yana zaure da ƙullinsa a kariya, ni ina yin isha na faɗi kamar an sare ni.

Da safe muka yi sammako don mu riga rana. Kasuwar garin ba ranar cinta ba ce, sai 'yan awo da masu lodin masara. Muka hau kwalta zuwa Kwanar Dangora. Wannan hanyar 'yan keken birni za su so ta, shimfiɗaɗɗiya ce da ɗan hawa da gangara, sai dai ramuka da direbobin da ke kauce musu su faɗo kanka. A Kwanar, ƙasar Kiru, muka sha ruwan leda mai ɗumi muka ci rogo da ƙuli, muka miƙe arewa a gefen babban titi. Ranar da ke biyo bayan ruwan farko kun san ta, ƙasa na fitar da tururi, kwalta na narkewa. Baƙar leda tana bayana tana shan ranar nan tun hantsi har bayan azahar. Sau nawa ina miƙa hannu baya in taɓa ta in ji tana nan, in ji daɗi. Ko sau ɗaya ban ce bari in buɗe ba.

Ko 'yar talla ta san ganyen kuka ba ya son rana, ba ya son matsi. A inuwa ake baza shi ya bushe yana kore. Ni na sani, tun ban kai turmi tsawo ba na sani. Tsoron ruwa ya sa na ƙulle, gajiya ta hana ni kwancewa, sauri ya ƙarasa sauran.

Muna isa gida ban ko cire takalmi ba na kwance ledar a ƙofar ɗakin Inna. Zafi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya. Zanin ya jiƙe sharkaf. Ganyen ya dahu, ya yi baƙi, ya narke ya manne wuri guda yana wari. Ƙanena ya kalla sau ɗaya ya juya ya fita, na fi son da ya zage ni.

Daga ciki Inna ta ce, da bakinta da ya karkace, "Ke, mene ne wannan?"

Na ce, "Mai Kogo ce, Inna."

Ta juyo da kai ta kalli ledar a bakin ƙofa. Sannan ta ce, "A leda kika sa ta?" Ba faɗa, ba komai. Ta mai da fuskarta bango.

Sai da na zo cire mayafi zan yi alwala na ji ƙulli a gefensa. Ɗan ganyen farkon nan ne, ya yi yaushi amma kore. Na baza shi a faifai a ƙuryar ɗaki, na hana kowa wucewa ta wurin har ya bushe. Na daka, na tankaɗe, garin bai cika cokali biyu ba. Na kaɗa a 'yar ƙaramar tukunya da daddawa da ɗan busasshen kifi, na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na tashe ta zaune na jingina ta a ƙirjina.

Ta karɓi loma ta farko. Ta karɓi ta biyu, ta riƙe ta a baki ta daɗe idonta a rufe. Ta haɗiye ta ce, "Ganyen ita ce. Turakun Baba suna nan?"

Na ce suna nan, ɓawo ya rufe su.

Ta gyaɗa kai. Na miƙa ta uku, sai ta sa hannunta mai lafiya ta ture kwanon a hankali.

"Ruwan ne ba shi ba," ta ce. "Da na rijiyar gidanmu ake kaɗa ta."

Daga ranar ba ta sake neman komai ba. Mun koma koko, shi ma yau a sha gobe a ƙi. Masu zuwa dubiya suna cewa da sauƙi, ni da ke ɗaga ta na san nauyin da ya rage.

To ga hanyarku, ku masu tambaya. Ku bi ta kafin damina ta zauna, ku riƙe kayan faci da ruwa mai yawa, ku tafi da hular da za ta yi muku inuwa don ba ku da wata a can. In tsoho ya yi muku kwatance da itace, ku yi masa godiya, kada ku faɗa masa abin da za ku tarar. Abin da tafiyar ta koya mini kuwa ba mai daɗin faɗa ba ne. Na ɗauka in mutum yana da ƙafa da taurin kai, duk abin da uwarsa ta nema zai kawo mata. Na zagaye ruwan da ke shayar da gonaki har ƙofar Kano, na tsaya a bakin ruwan da ya rufe rijiyar gidanmu ban san ma ta ina take ba, ban sami ludayi ɗaya da zan ɗebo mata ba.

Keken yana zaure, tayar baya ta sace tun ranar da muka dawo. Ban kai shi faci ba. Ban san inda zan je da shi ba kuma.